Rabo ba saura: lissafin da ke kashe gardama a gindin buhu

Yau da hatsi da wake za mu yi lissafi. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon cimaka a karkarar Issawane, ko a rumbun tsimi ne ko a taron Mata Masu Dubara, asusun nan da ƙungiyar CARE ta soma a jahar Maradi a 1991, ya san inda rigima ke tashi: tiyar ƙarshe. An gama rabo, tiya biyu sun yi saura, kowa ya zuba ido. Gobe sai ka ji ana cewa shugaba ta ci.

Mu ɗauka ƙungiya ta tara hatsi tiya 84 da wake tiya 60. Tana so ta kasa su yadda kowane kashi zai zo daidai da ɗan'uwansa, ba a fasa tiya ba, ba a bar saura ba. Kashi nawa ne mafi yawa da za a iya fitarwa?

Ƴan kwaleji sun san wannan da sunan PGCD. Da Hausa, shi ne adadi mafi girma da ke raba lambobin biyu ba ragowa. A lakwal, mushe zai ce a jera masu raba 84, a jera masu raba 60, a duba inda suka haɗu: 1, 2, 3, 4, 6 da 12. Babbansu 12. Ke nan kashi 12, kowane kashi hatsi tiya 7, wake tiya 5.

Amma mu dai mun fi son wata hanya, don ba ta buƙatar kaye ko alli, tsakuwa ma ta isa. A yi tuli biyu, ɗaya 84, ɗaya 60. Daga babban a kwashe gwargwadon ƙaramin: 84 a cire 60, saura 24. Yanzu tulin 60 ne babba, a cire masa 24, saura 36. A sake cirewa, saura 12. Sai a koma kan 24 a cire 12, saura 12. Tuli biyu sun yi kai ɗaya, to nan za a tsaya. Dalili kuwa shi ne duk adadin da ya raba tuli biyu ba saura, dole ya raba abin da ke tsakaninsu ba saura. Dubarar ba ta yau ba ce: tana cikin littafin Uklidis, masanin da ya zauna a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Tiya ɗaya tal kan iya birkita komai. Da hatsin 85 ne, kashi 5 kawai za a samu. Da 83 ne, sai kashi 1, wato babu rabo. Shi ya sa muke ganin ya fi kyau a yi lissafin a gaban jama'a kafin a kwance bakin buhu. In tiya ɗaya ce ke ɓata rabo, a ware ta da sanin kowa, a yanke inda za ta.

Sai dai lissafin nan bai san gida nawa ne ke jira ba. In gidaje 13 ne a takarda, 12 ba ta amfane ku ba, kuma ba a korar gida don lamba ta yi kyau. A nan rabawa ce ta yau da kullum: kowane gida hatsi tiya 6 da wake tiya 4, saura hatsi 6 da wake 8, wannan kuma shawara ce ta masu ƙungiya.

Ƴan lakwal, ku kula a jarrabawa: 12 yawan kashi ne, ba abin da ke cikin kashi ba. Da yawa kan tsaya a 12 su manta da 7 da 5.

Ga taku ta gida. Ranar suna an sayo goro ƙwarya ɗaya, wato 100, da dabino 240. Ƙulli nawa iri ɗaya za a ɗaure, kuma me ke cikin kowane? Muna jiran amsoshinku a shiri na gaba.