Ajiyar Takardun Shaidar Inganci a Masana'anta

Gabatarwa

Kowace masana'anta abubuwa biyu take fitarwa, watau kayan da za a kai kasuwa, da takardun da za su tsaya wa kayan shaida. Kaya kan fita su bazu cikin ƙasa, daga Bompai ko Sharaɗa har ƙauyen da mai masana'anta bai taɓa jin sunansa ba. Takardu kuwa a gida suke zama, kuma ran da aka zo tuhuma su kaɗai ne za su iya faɗin abin da ya auku. A Nijeriya hukumomi biyu ne suka fi neman waɗannan takardu: hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, wadda aka kafa a 1971, da hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993.

Ire-iren Takardun

Ana iya kasa su kashi huɗu. Na farko su ne takardun izini, kamar lasisi da shaidar rajistar kaya. Na biyu takardun kayan haɗi, waɗanda ke nuna wurin wanda aka sayo su da sakamakon gwajin da aka yi musu kafin a karɓa. Na uku bayanin aiki, watau abin da aka auna, da wanda ya auna, da ranar da aka haɗa. Na huɗu rajistar rarrabawa, mai nuna dillalin da ya karɓi kaya da yawan abin da ya karɓa.

Abin da ke ɗaure kashi ukun ƙarshe wuri guda shi ne lambar zubi. Zubi shi ne kayan da aka haɗa a karo ɗaya, daga kayan haɗi iri ɗaya. Lambar nan da ake bugawa a jikin kwalba ita ce ya kamata ta hau bangon fayil, ta yadda akawu zai ɗauki kwalba ɗaya daga kasuwa, ya bi sawunta baya har gangar da aka ɗebo sinadarinta, ya kuma bi gaba har kantunan da 'yan'uwanta suka shiga.

Darasin 2008

A ƙarshen shekarar 2008 aka fara kai yara asibitoci a Legas da Ibadan da Zariya, ƙodarsu ta daina aiki. Bincike ya nuna an ba su wani maganin fitar haƙora mai suna My Pikin, wanda dayetilin gilaikol ya gurɓata. Wannan sinadari guba ne, a man burki ake amfani da shi, amma a ido ya yi kama da furofilin gilaikol da ake sa wa magani. Zuwa farkon 2009 gwamnati ta ƙirga yara 84 da suka rasu, kuma a 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara 7 kowanne.

A irin wannan rana tambayoyi uku ake yi. Daga ina sinadarin ya zo? Wa ya gwada shi? Ina sauran kwalaben suke? Amsar biyun farko tana cikin takardun kayan haɗi, amsar ta uku tana cikin rajistar rarrabawa. Kowane yini da aka ɓata ana laluben fayil, wata uwa ce ke ɗura wa ɗanta maganin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙa'idojin Ajiya

Wajibi ne a rubuta abu a lokacin da aka yi shi, da kwanan wata da sa hannu. In an yi kuskure ba a gogewa, sai a ja masa layi ɗaya yadda zai karantu, a rubuta gyara a gefe, a sa hannu. Har ila yau, umarnin haɗi guda ɗaya tak ya kamata ya kasance a hannun ma'aikata. In an sake shi, a janye tsohon, a buga masa hatimin sokewa, a adana shi daban, domin kada mai aikin dare ya bi tsoho, mai aikin rana ya bi sabo.

Game da tsawon ajiya, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a riƙe takardun zubin magani aƙalla shekara 1 bayan wa'adin amfani da shi ya ƙare. Gara da yoyo da gobara ba su san wannan ƙa'ida ba, saboda haka a ajiye kwafi a wani gini daban. Kwamfuta ta sauƙaƙa nema, amma ita ma sai an ƙayyade wanda ke da ikon canza abin da ke ciki, kuma kowane canji ya bar sawu.

Kammalawa

Ma'aikacin gwamnati da aka tura duba masana'anta kada tsabtar ofishin manaja ta ruɗe shi. Ya ɗauki kwalba ɗaya daga sito, ya karanta lambarta, ya ce a kawo masa fayil ɗinta, sa'an nan ya dubi agogonsa.