Alluran hana jini gudaji: bambancin da ke tsakaninsu da wadda ta dace da kowane majinyaci

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɗakin masu karaya, ko na matan da aka yi wa tiyatar haihuwa, ya san wata 'yar allura da ma'aikaciyar jinya ke yi wa majinyaci a fatar ciki kullum, a lokaci guda. Ba maganin zafin ciwo ba ce, ba kuma ta kashe ƙwayoyin cuta. Aikinta shi ne ta hana jini yin gudaji a cikin jijiya.

Allurar ba iri ɗaya ba ce. Manyansu uku ne: hefarin na asali, hefarin mai gajerun sarƙoƙi wanda aka fi sani da sunan Clexane, da kuma fondafarinoks. Babu wadda ta fi sauran a kowane hali. Likita yana zaɓa ne bayan ya duba lafiyar ƙodar majinyaci, nauyin jikinsa, ko mace tana da juna biyu, da kuma ko akwai tiyata a gaba.

Me ya sa ake tsoron gudan jini?

Daskarewar jini ita ce ke tsayar da zubarsa idan mutum ya yanke. Matsala na tasowa ne idan jinin ya daskare a cikin jijiya alhali babu rauni. Abubuwa uku ke jawo haka, kuma likitoci na jingina bayaninsu ga wani likitan Jamus na ƙarni na 19, Rudolf Virchow: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya samu lahani, ko kuma jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Shi ya sa waɗanda suka fi shiga haɗari su ne wanda ya daɗe kwance a gado, wanda ya karye a ƙugu ko cinya, wanda aka yi wa babbar tiyata, mai juna biyu da mai jego, mai ciwon daji, mai sikila, da mai ƙiba sosai. Doguwar tafiya a zaune, a mota ko a jirgi, tana ƙara haɗarin.

Gudan ya fi fitowa a jijiyoyin cikin ƙafa. Ƙafa ɗaya za ta kumbura ta fi 'yar'uwarta, ta yi ɗumi, sha-raɓa ta riƙa ciwo idan an taka ko an latsa. Abin da ake gudu shi ne wani yanki ya ɓalle, ya bi jini ta zuciya, ya je ya toshe jijiyar huhu. Nan take numfashi zai yi wuya, ƙirji ya riƙa suka, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, wani ma ya yi tarin jini. Wannan kan yi kisa cikin ɗan lokaci.

Ya kamata a san cewa waɗannan allurai ba sa narkar da gudan da ya riga ya samu. Suna hana shi girma, suna hana sabo fitowa, jiki kuma ya narkar da tsohon a hankali cikin makonni ko watanni. Magungunan da ke fasa gudan kai tsaye daban suke, ana ajiye su ne don lokacin da rai ke cikin haɗari.

Hefarin na asali

Shi ne mafi daɗewa. Wani ɗalibin likitanci mai suna Jay McLean ne ya fara gano shi a 1916 a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, kuma sai a shekarun 1930 aka tace shi har aka fara ba mutane a Kanada da Suwidin.

A cikin jini akwai wani sinadari mai suna antitirombin, wanda ke riƙe ragamar daskarewa. Hefarin yana manne masa ya ninka ƙarfinsa, sai ya danne sinadarai biyu da gudan jini ba ya samuwa sai da su. Matsalarsa ita ce yana manne wa wasu abubuwan ma a cikin jini, don haka adadin da ya ishi wani sai ya yi wa wani yawa ko kaɗan. Saboda haka idan ana maganin gudan da ya riga ya fito, ta jijiya ake ba da shi a hankali ba yankewa, ana ɗibar jini kusan duk bayan awa 6 a yi gwajin da ake kira aPTT har a daidaita adadin. Wannan aiki ne na asibiti mai ɗakin gwaji da ma'aikata a tsaye. Don rigakafi kuwa, akan yi allurar ma'auni 5,000 a ƙarƙashin fata sau biyu ko uku a rana.

Duk da wahalarsa, yana da fa'idodi uku da suka hana a yi watsi da shi. Na farko, kamar famfo yake: ƙarfinsa na raguwa da rabi cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da an tsayar da shi ba a daɗe ba jini ya koma yadda yake. Na biyu, yana da makari, wato firotamin, wanda ke kashe ƙarfinsa gaba ɗaya idan jini ya ɓalle. Na uku, bai dogara sosai ga ƙoda wajen fita daga jiki ba. Shi ya sa shi ake ɗauka ga mai ciwon ƙoda mai tsanani, ga wanda za a iya shiga da shi tiyata kowane lokaci, a wajen wankin ƙoda, da kuma lokacin tiyatar zuciya.

Clexane da danginsa

A shekarun 1980 aka fara amfani da hefarin da aka daddatse dogayen sarƙoƙinsa suka koma gajeru, kusan kashi ɗaya cikin uku na girman na asali. A cikin wannan dangi akwai inoksafarin, wanda ake sayarwa da sunan Clexane ko Lovenox, da daltefarin mai suna Fragmin, da tinzafarin mai suna Innohep.

Gajartar ce ta kawo sauƙi. Jiki na shanye kusan dukkan maganin daga ƙarƙashin fata, kuma ana iya sanin aikin da zai yi ta hanyar nauyin mutum kawai, ba sai an riƙa gwajin jini kullum ba. Don rigakafi, babban mutum kan samu miligiram 40 na inoksafarin sau ɗaya a rana. Don magani kuwa, miligiram 1 ne ga kowane kilo na nauyin jiki duk bayan awa 12. Wato mai nauyin kilo 70 zai samu miligiram 70 safe da yamma. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗora majinyaci a sikeli kafin a rubuta masa, kuma shi ya sa ragowar allurar wani ba ta yi wa wani. Da zuwan wannan dangi ne mutane da yawa masu gudan jini a ƙafa suka samu damar yin jinya a gida.

Rauninsa biyu ne. Ta ƙoda yake fita, don haka idan ƙoda ta gaza sai ya taru a jiki ya jawo zubar jini, dole a rage adadin ko a koma hefarin na asali. Sannan firotamin ba ya karya shi duka, wajen kashi 60 cikin 100 kawai yake kashewa.

Fondafarinoks

Wannan, wanda ake sayarwa da sunan Arixtra, ya shigo ne a farkon shekarun 2000. Saɓanin hefarin, ba daga dabba ake samunsa ba. Masana sun gano 'yar gaɓar da ke ainihin aikin a jikin hefarin, mai ƙwayoyin sukari biyar, suka ƙera irinta a ɗakin haɗa magani. Sau ɗaya ake yin sa a rana: miligiram 2.5 don rigakafi, don magani kuma miligiram 5 ga wanda bai kai kilo 50 ba, 7.5 ga mai kilo 50 zuwa 100, da 10 ga wanda ya haura haka.

Yana daɗewa a jiki, sai bayan awa 17 zuwa 21 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Wannan alheri ne ga wanda ba ya son yawan allura, amma matsala ce idan jini ya ɓalle ko tiyata ta taso ba shiri, domin firotamin ba ya yi masa komai. Kuma kacokan ta ƙoda yake fita, don haka ba a ba mai ciwon ƙoda mai tsanani. Wani babban bincike mai suna OASIS-5, da aka wallafa a 2006 a kan mutane kusan 20,000 masu ciwon toshewar jijiyar zuciya, ya nuna yana kare su kamar inoksafarin, tare da ƙarancin zubar jini mai tsanani.

Mai juna biyu, mai ciwon daji, da wanda hefarin ya juya masa

Ga mai juna biyu, dangin Clexane ne zaɓin farko, domin ba ya ratsa mabiyiya ya kai ga jariri. Wafarin kuwa, ƙwayar hana gudan jini da ake sha, tana ratsawa, tana iya yi wa jaririn lahani, musamman a farkon ciki. Haɗarin gudan jini ya fi yawa a makonni 6 na farko bayan haihuwa, shi ya sa ake sallamar wasu matan da allurar su ci gaba a gida, kuma ba ta hana shayarwa. Abin kiyayewa shi ne allurar kashe zafi ta gadon baya da ake yi lokacin tiyata: sai an bar aƙalla awa 12 bayan allurar rigakafi, ko awa 24 bayan ta magani, don kada jini ya taru ya danne laka. Da naƙuda ta fara, a dakata da allurar, a gaya wa ma'aikata lokacin da aka yi ta ƙarshe.

Ga masu ciwon daji, binciken CLOT na 2003 ya nuna daltefarin ya fi wafarin hana gudan dawowa. A yau ana ba da yawansu sababbin ƙwayoyin sha, amma allurar na nan ga mai amai ko wanda hanjinsa ke saurin zubar da jini.

Akwai kuma wata matsala da ba ta cika faruwa ba amma mai haɗari. Jikin wasu kan yi wa hefarin bore, yawanci tsakanin rana ta 5 zuwa ta 10 da farawa. Ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni sai su ragu, kuma maimakon zubar jini, sai gudaji su ƙaru. Ta fi zuwa da hefarin na asali. Idan ta faru ana dakatar da kowane irin hefarin, har da Clexane, a koma fondafarinoks ko wasu magungunan jijiya irin su agatiroban. Wanda hakan ta taɓa faruwa da shi ya riƙa faɗa a duk asibitin da ya je.

Batun alade

Yawancin hefarin da ke kasuwar duniya, har da dangin Clexane, daga hanjin alade ake tace shi, kuma Sin ce babbar mai samar da shi. Wasu ƙasashe, kamar Barazil, suna da na saniya. Musulmi da dama ba su san haka ba, kuma haƙƙinsu ne su sani. Malamai da yawa sun halatta irin wannan magani idan rai na cikin haɗari kuma babu madadin da ya dace, bisa ƙa'idar larura. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi likita ko fondafarinoks zai yi masa, ya kuma tuntuɓi malami. Abin da bai kamata ba shi ne ya daina allurar a ɓoye.

Idan an sallame ka da allurar

Wanke hannu, ka zauna ko ka kishingiɗa. Zaɓi wuri a gefen ciki, nesa da cibiya da kamar santimita 5, ban da inda akwai tabo ko ƙujewa. Idan sirinjin da aka riga aka cika ne, za ka ga 'yar kumfar iska a ciki, kada ka fitar da ita, ita ce ke tura ragowar maganin. Tattaro fata da babban yatsa da manuni, ka soka allurar a miƙe har ƙarshenta, ka tura maganin a hankali ba tare da ka saki fatar ba. Bayan ka zare kada ka murza wurin, murzawa ce ke sa jini ya kwanta ya yi baƙi. Yau dama, gobe hagu. Ba a yin ta a tsoka, don haka kada a bari wani ya yi maka ita a ɗuwawu kamar sauran allurai. Ajiye maganin inda zafi bai wuce digiri 25 ba, kada ya ƙanƙare, kada kuma a bar shi cikin mota a rana.

Muddin kana kan maganin, kada ka sha asfirin, ibufurofen ko dikulofenak sai da izinin likita, domin suna ƙara haɗarin zubar jini. Ƙaho, tsaga da cire haƙori duk su jira sai an yi shawara. Maganin gargajiya ma a faɗa wa likita. Idan za a mayar da kai kan wafarin, ana haɗa shi da allurar aƙalla kwana 5, har gwajin jini na INR ya kai tsakanin 2 da 3, domin wafarin ba ya kama aiki da wuri. Maganin gudan jini a ƙafa ko huhu kan ɗauki aƙalla wata 3 gaba ɗaya, ko da kumburin ya saɓe tun makon farko.

A garzaya asibiti idan haɓo ya ƙi tsayawa, fitsari ya yi ja, bayan gida ya yi baƙi ƙirin, an yi aman jini, ciwon kai mai tsanani ya zo farat ɗaya, ƙafafu sun yi sanyi ko sun mutu bayan allurar gadon baya, ko an faɗi an bugu a ka ko da ba a ga jini ba.

Kafin a bar asibiti, majinyaci ko mai jinyarsa ya tabbatar ya samu amsar tambayoyi huɗu: mene ne sunan allurar, nawa ne adadinta, an gwada lafiyar ƙoda kafin a rubuta ta, kuma wace rana za a daina ko a koma ƙwaya. A rubuta amsoshin a takarda, a riƙa tafiya da ita duk asibitin da za a je.