Garantin Keken Gwanjo: Abin da Ɗinki Shida Ya Koya Mini

Wata ranar Litinin ina shirin tashi daga aikin safe, sai wayata ta yi ƙara. Maƙwabciyata ce, muryarta na rawa: "Maman yara, kada ki tsorata, ga mu nan tafe da shi." Duk ma'aikaciyar jinya ta san in aka fara magana da "kada ki tsorata", to akwai jini a gaba. Babban yarona ne, ɗan shekara 13, ya faɗi da keke a hanyar dawowa daga makaranta. Haɓarsa ta tsage, haƙori ɗaya ya gutsire. Na wanke raunukan 'ya'yan mutane ba adadi, amma ran nan hannuna ya ƙi. Abokiyar aikina ce ta yi masa ɗinki shida, ni kuwa ina riƙe da ƙafarsa.

Ba mota ce ta buge shi ba, ba gudu yake yi ba. Ɗan rami ya shiga, sai ƙafar gaban keken ta ɓalle.

Yadda keken ya shigo gidanmu

Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin kai yaro makaranta da dawo da shi ya fara cinye na cefane. Maigidana ya shiga kasuwar 'yan gwanjo ya dawo da keken hawan dutse, irin mai giya da manyan tayoyi. Ƙafafunsa na gaba, waɗanda masu gyara ke kira fok, suna da shokazoba. A jikinsa akwai wata takarda da aka manna mai alƙawarin garanti na har abada. Mai sayarwa ma da ita ya ci kasuwa: "Alhaji, wannan ɗan waje ne, kamfaninsa da kansa ya tsaya masa."

Da yaro ya samu sauƙi, na kai keken wurin wani dattijo mai gyara a unguwarmu. Ya kwance fok ɗin, ya zazzage shi a tafin hannunsa, sai ga wani abu kamar busasshen ƙanzo yana zubowa. Ya ce, "'Yata, wannan roba ce a da. Ta mutu tun kafin a haifi ɗanki. Duk ramin da ya shiga, ƙarfe ke dukan ƙarfe." Ya kankare fenti a inda ƙafafun biyu suka haɗu, ya nuna mini bakin karayar: rabinsa ya yi baƙi, alamar tsohuwar tsaga, rabi yana ƙyalli, wanda ya ƙarasa ran nan. Wani ya gani, ya shafe da sabon fenti.

Na rubuta wa kamfanin

Raina a ɓace na nemo adireshin kamfanin a intanet, na aika musu hotuna har da na haɓar yaro. Sun amsa cikin ladabi da tambayoyi uku. Ke ce kika fara sayen keken sabo? Kina da rasit daga dillalinmu? Wace shekara aka saya? Ukun nan babu wadda zan iya amsawa yadda suke so. Suka duba lambar keken suka ce ya haura shekara 20, sun daina yin kayan gyaran wannan fok ɗin, kuma kada a sake hawansa.

Na yi kwanaki ina jin haushinsu, har na zauna na karanta yadda garantin keke yake aiki. A nan na gane takardar da ke jikin kekenmu ba ƙarya take yi ba, da wani take magana, ba da mu ba.

Da wa garanti yake magana?

Na farko, yawancin kamfanonin keke suna ba da garanti ne ga wanda ya fara saye kawai, kuma sai ya nuna rasit. Keken da ya yi shekaru a garejin wani a Turai ko Amurka, aka tara shi a kwantena, ya sauka Kwatano ko Legas, garantinsa ya tsaya can wurin mai shi na farko.

Na biyu, "har abada" ɗin nan, inda ake ba da shi, gangar jikin keken ya shafa. Fok mai shokazoba yawanci wani kamfani ne daban yake yinsa, irin su RockShox, Fox ko SR Suntour, kuma nasa garantin gajere ne, galibi shekara ɗaya zuwa biyu.

Na uku, garanti kuskuren ƙira yake ɗauka, ba tsufa ba. Roba ta bushe, mai ya tsiyaye, tsatsa ta ci ƙarfe, an yi karo, duk wannan na mai keke ne. Ita shokazoba kuwa tana son kulawa fiye da yadda muke zato. RockShox, alal misali, yana so a kwance ƙasan fok a wanke a sake mai bayan kowace awa 50 ta hawa. Yaron da ke hawa awa ɗaya kullum zai cika wannan cikin wata biyu. A gaya mini tsakani da Allah, wa yake yi? Da yawa daga fok ɗin shekarun 1990 kuma curin roba aka jera a ciki a maimakon sifirin ko iska, robar da ke ƙeƙashewa ko ta narke idan ta tsufa. Zafin ƙasarmu da ƙurar hunturu ba sa raga mata.

Ƙofar da tsufa ba ya rufewa

Akwai abu ɗaya da ya bambanta da garanti, wato kiran kaya. Idan kamfani ya gano wani abin da ya ƙera yana da hatsari, yakan yi shelar a daina amfani da shi a kawo a gyara kyauta, kuma lahanin na kayan ne, ko a hannun wa suke.

Misali mai muhimmanci gare mu, ko da yake ba irin kekenmu ba ne: a watan Afrilun 2015 kamfanin Trek ya kira kekuna kusan 900,000 a Amurka, ƙirar 2000 zuwa 2015, masu birkin faifai a gaba. Ɗan hannun da ke ɗaure tayar gaba, idan aka bar shi a buɗe, yana iya lanƙwasawa ya shiga cikin faifan birki, taya ta tsaya cak. Mutum ɗaya ya shanye saboda haka. A watan Satumban shekarar wasu kamfanoni 13 suka kira kekuna sama da miliyan ɗaya kan wannan matsalar. Kekunan waɗannan shekarun su ne irin waɗanda ke cika kasuwannin gwanjo yanzu.

Don haka ku kifa keken ku duba ƙarƙashin inda feda ke juyawa, a nan ake buga lambarsa. Ku sa sunan keken da ƙirarsa a shafin kamfanin ko na CPSC, hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka. Ko babu dillali kusa da zai gyara muku, kun san inda hatsarin yake, kuma wannan ɗan ƙarfen mai gyara zai iya sauya shi da kuɗi kaɗan.

Mai sayarwa fa?

Shi ne ainihin wanda ke da alhaki a kanmu. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun kaya mai aminci da ya dace da aikin da aka saye shi domin sa. Malaman fiƙihu ma suna da babi guda kan mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye. Amma mu ba mu karɓi ko guntuwar takarda ba. Da maigidana ya koma, mutumin ya ce, "Alhaji, yadda ya zo haka na sayar, ban buɗe cikinsa ba." Wataƙila gaskiya ya faɗa. Sai da shugaban layinsu ya sa baki ya yarda ya biya rabin kuɗin gyara.

Kafin ku biya kuɗi

Ku tafi da mai gyaran da kuka yarda da shi, kuɗin shayinsa bai kai na ɗinki ba. A riƙe birkin gaba a girgiza keken gaba da baya. In ana jin ƙwas-ƙwas, akwai abin da ya saki. A danna kan keken da ƙarfi: ya kamata ya nutse a hankali ya dawo a hankali, kada ya ƙame, kada ya zube ƙasa gaba ɗaya. A duba sandunan da ke shiga da fita ko akwai tsatsa, karce ko tsiyayar mai. A tsaya daga gefe a kalli fok ɗin. In ya karkata baya, an taɓa yin karo da shi. Sabon fenti a wuri ɗaya ko alamar walda, a bar shi. Fok ɗin alminiyam da ya tsage ba a yi masa walda, wanda ya lanƙwashe ba a miƙe shi. Sannan a rubuta lambar keken da ranar saye da kwanakin da za a iya dawo da shi, mai sayarwa ya sa hannu.

Mu dai dattijon nan ya sa mana fok na ƙarfe marar shokazoba, daidai tsayin na da. Yaro ya ɓata rai, wai keken ya zama na tsofaffi. Amma a titin gari ba ya bukatar fiye da haka, kuma babu abin da zai ruɓe a ciki ba mu gani ba.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya ina roƙon iyaye abu biyu. Hular kwano ba ta kare haɓa, amma tana kare kai, kuma kai ba ya gyaruwa da ɗinki shida. Idan yaro ya faɗi ya bugu a ka, ko da ya tashi yana dariya, a sa masa ido: amai, yawan barci, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa, ko ruwa daga hanci ko kunne, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Tabon yana nan a haɓarsa, ya fara dusashewa. Takardar garantin kuwa ni da kaina na ɓare ta daga jikin keken, don kada wata rana mu sayar, wani uban ya karanta ta ya saki jiki kamar yadda muka saki.