Gani Odutokun: Mai Zanen Da Ya Haɗa Tsautsayi Da Tsari

Mutanen Bauci ba baƙin zane ba ne. A Dutsen Zane da ke ƙasar Geji, mutanen dā sun bar siffofin shanu da namun daji da mutane a jikin dutse da jan launi, akwai kuma wani zanen a Shadawanka, nan gefen gari. Tun a 1960 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Hamo Sassoon, ya ba da labarin zanen Geji ga duniya. Sai dai masu wannan aiki ba su bar sunayensu ba, balle a san abin da ke zuciyarsu. To, yau za mu kawo wa masu karatu labarin wani magajinsu a wannan sana'a wanda aka san sunansa, aka kuma san manufarsa, watau marigayi Gani Odutokun na Zariya.

An haifi Gani a garin Nsawam na ƙasar Gana a 1946, iyayensa kuwa mutanen Offa ne ta Jihar Kwara. Ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello, ya sami digirinsa na farko a fannin zane a 1975, na biyu kuma a 1979, kana ya zauna yana koyarwa a wannan sashe har ƙarshen ransa.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu zane shi ne yadda yake sarrafa fenti. Galibin masu zanen mutane sukan fara fitar da siffa da fensir, sa'an nan su bi ta da buroshi a hankali. Shi kuwa yakan sirka fentin mai har ya tsinke kamar kunu, ya zuba a kan ƙyallen zane, ya bar shi ya kwarara inda ya ga dama, launi ya shiga launi. Daga nan sai ya zura ido. Inda ya hango kan doki, ko rawani, ko kafaɗar mutum a cikin abin da ya malale, nan zai sa hannu ya fito da shi fili, sauran ya bar shi yadda ya zo. Wannan shi ne abin da aka san shi da shi, watau haɗa tsautsayi da tsari. A ganinsa haka rayuwar ɗan Adam take: mutum na nasa shiri, amma ba duk abin da ya same shi ne ya shirya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan sauƙi ne. Zuba fenti kowa na iyawa, amma sanin lokacin da za a tsai da shi, da gane siffar da ke ɓoye a ciki, sai wanda hannunsa ya faɗa a kan zanen jikin mutum da na dabba. Gani kuwa ya ƙware a wannan, domin yana aiki da gawayi da fentin ruwa kamar yadda yake yi da na mai.

Game da abin da yake zanawa, zaman Arewa ya ba shi dawaki da mahaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Bauci ran hawan Salla ya san ido ba ya kama doki ɗaya sosai, sai ƙura da ƙyallin kaya da motsi. Fenti mai kwarara ya dace da irin wannan gani ƙwarai.

Amma bai tsaya ga ado ba. A 1990, zamanin mulkin soja na Janar Ibrahim Babangida, ya yi wani zane wanda ma'anar sunansa ita ce "Sarki Na Raha Da Janar-janar Ɗinsa". Bai ambaci sunan kowa ba, ba kuwa sai ya ambata ba, domin kowa ya san inda aka dosa, kuma kowa ya san talaka ba ya cikin masu dariyar. A lokacin da ake rufe jaridu ana tsare marubuta, mai zane ya faɗi tasa da launi.

A 1991 kuma ya juya ga Turai. Ya ɗauko Mona Lisa, hoton matar nan da Leonardo da Vinci na Italiya ya zana shekara fiye da 500 da suka wuce, ya haɗa ta da wani sassaƙen Afirka: sassaƙen na zana ta, ita kuma tana sassaƙa shi. Nufinsa a fili yake, cewa tsakanin Afirka da Turai kowa ya koya daga ɗan'uwansa, ba gefe guda ne kaɗai malami ba.

Hausawa na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. A watan Fabrairu na 1995, a kan hanyar komowa Zariya daga wani nunin zane a Ikko, Gani ya rasu a haɗarin mota tare da wasu abokan sana'arsa, bai cika shekara 49 ba. A wannan shekara aka nuna ayyukansa a zauren Whitechapel na birnin Landan, a 2000 kuma aka sake shirya wani nuni a zauren Brunei na birnin, domin tunawa da shi da waɗanda ya yi wa tasiri, aka raɗa wa nunin sunan wannan dabara tasa. Masu zane irin su Jerry Buhari da Jacob Jari da Mu'azu Mohammed Sani duk sun fito daga wannan sashe na Zariya.

Saboda haka muna kira ga iyaye da malaman makarantun Bauci: in kun ga yaro yana zana doki a bayan littafinsa, kada ku yi saurin ɗaukar bulala. Ku kai shi Dutsen Zane ya ga aikin magabata, ku ba shi labarin Gani, sa'an nan ku saya masa fensir da takarda.