Uba ya tsare dukiyar ɗiyansa tun yana da rai

Mutuwa rigar kowa ce, kuma ba ta sallama. Magidanci yakan rasu ya bar ɗiya ƙanana, da gona, da bisashe, da hatsi cikin rumbu. Ana tashi daga zaman makoki sai gardama ta ɓarke. Wannan ya ce gonar aro ce. Wancan ya ce yana bin mamaci bashi. Marayu ba su da bakin magana. Kafin su girma, abin da uba ya bari ya watse.

Maganin wannan yana hannun uba tun yana da lafiyarsa.

Mai riƙo

Musulunci ya ba uba damar zaɓen wanda zai riƙa ɗiyansa da dukiyarsu bayan ransa. Shi ake kira wasiyyi. Ba dole sai babban wa ba. Uwar yara ma tana iya zama. Abin da ake bukata shi ne hankali da riƙon amana. Uba ya nemi yardar mutumen, ya faɗa gaban shaidu biyu. Dukiyar ba ta wasiyyi ba ce, ajiya ce. Ya ciyar da marayu, ya tufatar da su. Ran da yaro ya balaga, ya iya riƙon kansa, a miƙa masa kayansa gaban shaidu.

Bashi da aro

Ba a rabon gado sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi. Saboda haka uba ya rubuta wanda ke binsa da wanda yake bi. Makiyayi ya rubuta saniyar da ya ba da habbanaye, da wadda ya karɓa. Karsanar da aka ba yaro ran suna ta yaron ce. In an rubuta, ba za a jefa ta cikin gado ba.

Gona

Tun 1993 Nijar take da dokar karkara. Ita ta kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo. Suna ba da takardar shaida ta gonar gado, da ta saye, da kyauta, da aro, da jingina. Gonar maraya da aka ba da aro ba takarda, bayan damana goma mai noma yakan ce tasa ce.

Wasiyya

Mutum yana iya barin wasiyya, amma kada ta wuce kashi 1 cikin 3 na dukiyarsa. Kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Ga inda take da amfani ƙwarai: yaron da ubansa ya riga kaka mutuwa ba ya gadon kakan, in kakan ya bar ɗiya maza. Wasiyya ce za ta ba wannan jika rabo.

Yadda rabo yake

Ga misali. Mutum ya bar mata 1, da ɗiya maza 2, da ɗiya mace 1. Uwayensa sun riga shi. Bayan bashi, tumaki 40 suka rage. Matar ta ɗauki tumuni, wato 5. Saura 35. Kowane namiji ya samu 14, ɗiya mace ta samu 7. Ko jinjiri yana da rabonsa cikakke. Ɗiya mace kuma tana da hakki cikin gona kamar yadda take da shi cikin tumaki.

Wanda ya shiga yaƙi da jahilci yana iya rubuta duk wannan da hannunsa, cikin Hausa. Ya sa rana da shekara. Shaidu su sa hannu ko su dangwala yatsa. Takarda ɗaya ta zauna gida tare da takardun haihuwar yara, ɗaya wajen liman ko maigari. Rubuta wasiyya ba ya kawo ajali. Rashinta ne ke barin maraya hannu wofi.