Daga Kabireta Zuwa Birenbos: Yadda Sana'a Ke Tsufa a Hannun Mai Ita

'Yan uwana ɗalibai, a watannin da na yi ina SIWES a wani gareji a Kaduna na ga abin da har yau yake min yawo a rai. Maigidana dattijo ne da ya haura shekara talatin yana gyaran mota. Da kunne yake gane ciwon inji. Ka tayar da Fijo 504, ya ɗan karkata kai, sai ya ce kabireta ce, kuma wallahi ita ɗin ce.

Wata rana aka kawo Toyota 'yar Kwatano, wutar gargaɗi na kunne a dashbod. Kwana biyu muna kanta, mun canza fulogi, mun wanke tanki, shiru. Rana ta uku mai motar ya kira wani yaro da bai kai ni shekaru ba. Ya jona 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, cikin minti biyar ya ce sensa ɗaya ce. Ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Maigida ya jima shiru, sannan ya ce da ni, "Ɗana, hannuna yana nan, motar ce ta canza yare."

To me ya canza mata yaren? Tun 1996 doka a Amurka ta tilasta wa sabbin ƙananan motoci ɗaukar tsarin OBD-II domin sa ido kan hayaƙin da suke fitarwa, Turai ma ta biyo baya. Kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ke auna mai da iska, ita kuma ke ajiye lambar duk wata matsala. Bayan shekaru waɗannan motoci suka sauka Legas da Kwatano, suka hauro Arewa. Kun ga ke nan, dokar da aka yi don iskar Amurka ita ce yau take raba abinci tsakanin makanikan Kaduna.

Wannan hanya ɗaya ce, inda fasaha ke sauya aikin kansa. Ta biyun ita ce kasuwar duniya ta ɗauke aikin ta kai shi wani wuri. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kaduna a 1957, wasu suka biyo ta, har Kakuri ta cika da dubban ma'aikata. Da China ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, atamfa mai araha ta ƙara kwarara zuwa kasuwanni irin Kantin Kwari. Ga fasa-ƙwauri, ga rashin wutar lantarki, sai masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mai kula da injin saƙa bai manta komai ba, mai sayen gwanintarsa ne ya ɓace. Da yawansu sai acaba.

Abin tsoron shi ne saurin abin. A 2001 wayar GSM ta shigo Najeriya, masu lema da waya suka cika bakin titi suna sayar da kira. Ina suke yau? Ina masu tafireta na bakin kotu, ina masu wankin fim? Yanzu kuma, tun cire tallafin mai a 2023, ana ta mayar da motoci kan gas na CNG, wata sabuwar sana'a ke nan da jiya-jiya babu ita a garejinmu.

Mu fa? Gaskiya wasu injinan da muke koyo da su sun girme mu. Amma kada wannan ya sa mu raina aji. Na'urar yaron nan lamba kawai take bayarwa, ba ta faɗin ko sensar ce ta mutu ko waya ce ta tsinke. Wanda ya san tushe, wato lantarki da yadda inji ke ƙona mai, shi zai gane. Kayan aiki ke tsufa da wuri, tushe kan daɗe. Don haka mu riƙe tushen gam, mu ɗauki SIWES da gaske, kuma kowane zango mu koyi kayan aiki guda da ake amfani da shi a kasuwa yau, ko da a waya ne.

Kafin in bar garejin, ni da maigida muka haɗa kuɗi muka sayi 'yar na'urar. Ni nake karanta masa lambar, shi yake gaya min inda zan duba. Ran nan ya kira ni yana dariya, wai yanzu da kansa yake karantawa.