Shin Ko Kun San Ana Auna Taɓin Iska da Takarda?

Shin ko kun san sai a 1994 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ware wa matsalar addini da ruhi gurbi a kundinsu na tantance cuta, DSM-IV? Wato sun yarda imanin mutum na iya rikicewa ba tare da ya haukace ba. A Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji, tsofaffi sun daɗe da raba mahaukaci da wanda iska ta taɓa.

Erika Bourguignon ta duba al'ummomi 488 na duniya, ta tarar kashi 74 cikin 100 sun yarda iska na shiga jikin mutum.

Ko kun san akwai ma'aunin nutsewa? Auke Tellegen ya fito da shi a 1974. Tambayoyi 34 ne kan yadda kiɗa ko tunani ke ɗauke mutum har ya manta inda yake zaune. A 2021 Tanya Luhrmann da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi a Gana, Sin, Tailan, Banuwatu da Amurka, inda suka ga masu wannan hali sun fi jin motsin iskoki. Mai garayar bori ba zai yi mamaki ba: fage kan cika maƙil, amma ba kowa ke faɗuwa ba.

Ma'aunin Julie Exline na 2014 kuwa, na rikicewar imani, tambayoyi 26 ne, har da sashen tsoron shaiɗanu. Masu yawan fargaba sukan fi tara maki.

Ni inda abin ya fi ɗaukar hankalina, 'yan bori ba su damu da halin doki ba, halin mahayin suke karantawa. Wanda aka hau ya sunkuya yana tari, yana jan carbi? Malam Alhaji ne. Ya shiga ado da rabon kyauta kamar kuɗi ba sa ƙarewa? Ɗan Galadima ya iso. Sarkin Rafi kuma, a ba shi fili kawai. Sai an gane wanda ya hau kafin a yi maganar girka.

Abzinawan Kel Ewey, waɗanda ayarinsu ke gangarowa Damargu sayen gero, suna kiran iskokin Kel Essuf, mutanen daji da kaɗaici. Susan Rasmussen ta yi littafi a kansu a 1995. Mata iskokin suka fi kamawa, maganin kuma kiɗan tende ne: turmin daka da aka ɗaure wa fatar akuya a baki.